A Gyara Tarukan Ma'aikatan Ɗakunan Karatu Domin Kowa Ya Samu Shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu shirya tarukan ƙara wa juna sani na ma'aikatan ɗakunan karatu da na adana takardun tarihi a ƙasarmu Nijar, game da wasu abokan aikinmu da ake bari a baya ba tare da kowa ya lura ba. Ina nufin waɗanda Allah Ya halicci ƙwaƙwalwarsu tana aiki ta wata hanya dabam da ta yawancin jama'a: masu lalurar otizim, waɗanda hayaniya da cuɗanya da sauyin tsari ba zato ba tsammani ke wahalarwa, masu disleksiya, waɗanda haruffa ke rikice musu wajen karatu da rubutu alhali basirarsu lafiya lau take, da kuma waɗanda hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya na dogon lokaci, abin da likitocinmu ke kira TDAH.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Yaron nan ba ya ajiye halittarsa a ƙofar makaranta. Da ita yake girma, ya yi karatu, ya nemi aiki, wasu kuma aikin ɗakin karatu ne ke karɓar su saboda shirunsa da tsarinsa. Mu dai a wurin aiki ba ma kiran abin da sunansa. Cewa muke wane miskili ne, ko ba ya son mutane, ko girman kai gare shi, in abin ya yi tsanani ma a ce iskokai ne.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan taruka shi ne, a wannan sana'a tamu taro shi ne makaranta. Kaɗan ne daga cikinmu suka samu zuwa makarantar EBAD ta Dakar, inda ake horar da ma'aikatan ɗakunan karatu da na adana takardu. Mafi yawanmu a bakin aiki muka koya. A taro ne ake koyon manhajojin jera littattafai a kwamfuta irin su PMB da Koha, a nan ake sanin yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin takardu irin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, a nan ake samun takardar shaidar halarta da ke shiga cikin fayil ɗin ma'aikaci, a nan kuma manya ke ganin fuskar wanda za su tuna da shi ranar da wata dama ta taso. Wanda ya kasa jure zaman taro ya rasa duk waɗannan, har da ɗan kuɗin guzurin da ba ƙaramin taimako ba ne ga mai ƙaramin albashi.

To, yaya tarukan namu suke? Ma'aikaci zai taso daga Tawa cikin motar safa, ya bi ta Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar sama da kilomita 500, ya kwana a Yamai da gajiya, ya isa zaure da ƙarfe 8 kamar yadda takardar gayyata ta ce, sannan a zauna jiran babban baƙo har hantsi ya dubi ludayi ba tare da an ce wa kowa uffan ba. Lasifika na ƙara mai huda kunne, ƙwan fitila mai tsawo na ƙyaftawa, injin wuta na ruri a bayan taga. Da an buɗe taro sai a bi layi kowa ya miƙe ya gabatar da kansa, a ɗauki hoton haɗin gwiwa kafaɗa da kafaɗa, sannan a raba mutane rukuni-rukuni a cikin ɗaki guda, kowane rukuni na ɗaga murya ya danne na kusa da shi. Ga yawancinmu wannan gajiya ce kawai. Ga mai otizim kuwa azaba ce, domin kunnensa da idonsa ba sa tace abin da ke shigo musu kamar yadda namu ke yi, kuma rashin sanin abin da zai biyo baya yana ɗaga masa hankali ƙwarai.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah a irin wannan zama, wadda rukuninta ya ɗora wa rubuta rahoto a babbar takardar da ake mannawa a bango, don kawai ita ce ƙarama a cikinsu. Ta riƙe alƙalamin hannunta na rawa, ta rubuta kalma ta soke, ta sake rubutawa da haruffa a juye, sai wani dattijo ya ce cikin raha, "Yarinya, ke da ke aiki cikin littattafai?" Aka yi dariya. Ba mugunta ya nufa ba, amma daga nan ba ta ƙara buɗe baki ba har aka tashi, alhali ita ce ta kawo shawarar da rukunin ya gina rahotonsa a kai.

Gyaran da nake roƙo ba ya bukatar wani kasafin kuɗi. A aika da jadawalin taro da takardun da za a tattauna a kai tun mako guda kafin ranar, ko da ta WhatsApp ne, a haɗa da saƙon murya ga wanda sauraro ya fi masa sauƙi, sannan a kiyaye lokaci, in kuma an samu jinkiri a sanar da dalili da sa'ar da za a fara. A bar mutum ya zaɓi gabatar da kansa da baki ko a karanta sunansa, a karɓi tambayoyi a rubuce kamar yadda ake karɓar su da baki, kada kuma a tilasta wa kowa rubutu a gaban jama'a. A gajarta jawabai, a yawaita ɗan hutu, a kuma bar mai bukata ya tashi ya taka ba tare da an harare shi ba. Yawancin zaurukan taro a ƙasar nan suna tanadin wurin salla da ruwan alwala, wanda ke nuna mun riga mun iya ware wuri domin bukatar mahalarta. Sai a ƙara ɗaki ɗaya mai shiru, babu lasifika babu hira, inda wanda kansa ya ɗauki zafi zai zauna ya huce ya dawo. Tunda kuma kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana a bar mutum ya yi bayaninsa da harshen da ya fi sakewa da shi ba.

Doka ma tana bayan wannan magana. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman a shekarar 2008, kuma sashe na 27 na yarjejeniyar ya wajabta a yi wa ma'aikaci gyaran da ya dace a wurin aikinsa, ya kuma ambaci damar samun horo da ƙarin girma. Tun 1993 muna da dokar da ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa. Sai dai idan aka yi zancen waɗannan dokoki, hankalinmu kan tafi ga keken guragu da sandar makaho, mu manta da lalurar da ido ba ya gani.

Akwai abu guda da nake jin tsoro, shi ne a ce sai mutum ya kawo takardar likita kafin a yi masa sassauci. Ƙwararrun da ke iya tantance irin waɗannan lalurori ƙalilan ne a ƙasarmu, yawancinsu kuma a Yamai suke, ga shi babu ma'aikacin da zai so a riƙa nuna shi da baki ana cewa yana da taɓin hankali, domin haka jama'a za su fassara abin ko da ba haka yake ba. Saboda haka gyaran ya zama na kowa da kowa, ba tare da an tambayi wani dalilinsa ba. Kada kuma a ɗauka sai wanda ya nuna wata baiwa ta ban mamaki, kamar haddace lambobin Dewey da ake jera littattafai da su, ya cancanci kulawa. Akwai masu irin wannan baiwa, akwai kuma matsakaita kamar kowa, kuma haƙƙinsu ɗaya ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ya kamata a sa masu waɗannan lalurori su kansu cikin kwamitin shirya taro idan sun yarda. Ina kira ga shugabannin ɗakunan karatu na jami'o'inmu, tun daga Yamai har Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, da na cibiyoyin al'adu da na makarantu, da su fara da takardar gayyata ta gaba: a ƙara layi ɗaya a ƙasanta mai tambayar ko mahalarci yana da wata bukata game da zama, sauti, haske ko rubutu, a sa lambar mutum ɗaya da zai karɓi amsar ya riƙe ta a matsayin sirri.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin karatu,
Tawa.