Dan Allah a bar yaran nan masu raba kwallo su nuna

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina rokon dan fili a shafinku na wasanni, saboda wani abu da yake cina a rai game da kwallon kwando a nan Zariya.

A filin da muke zuwa da yamma a Samaru akwai yara biyu, dukansu basu wuce sha shida ba, dukansu foyin gad suke bugawa, wato mai dauko kwallo daga baya ya tsara wasa ya raba wa sauran hudun. Daya gudu kamar barewa, in ya yanka mutum sai kaji fili ya dau ihu. Dayan kuma shiru shiru ne, yana dirbil kansa a sama yana neman wa zai baiwa, wani lokaci ya jefa fasin din da abokin wasansa bai ma ankara ba kwallo ta fita waje. Toh shikenan, 'yan kallo sun gama yanke hukunci, wai wancan tauraro ne wannan kuma a maidashi benci. Ranar Asabar da ta wuce yaron nan mai shiru shiru ya zubar da kwallo sau biyu a jere, wani babba da gemunsa ya daka mai tsawa wai ya koma ya buga langa, na ganshi ya zauna a gefe yana ta kwance igiyar takalmi yana daurawa dan kar a ga idonsa.

Wallahi wannan gurbin ba kamar sauran bane. Dogo dake karkashin kwando tsawonsa na taimakonsa tun ranar farko, amma mai raba kwallo aikin kai yake yi, sai ya san wa ke son kwallo a ina, yaushe zai ja wasa yaushe zai sassauta, kuma wannan sai an zubar da kwallo dari kafin a iya. Kuskuren yaron nan ma ni a ganina alama ce mai kyau, ya hango kofar da sauran basu gani ba, hannun ne bai kai ba tukunna.

Ku duba masu raba kwallo a NBA mana, wato babbar gasar kwallon kwando ta Amurka. Chauncey Billups, Boston ta daukeshi na 3 a 1997, ko kakar farko bai karasa ba suka tura shi Toronto, yayi ta yawo kulob zuwa kulob, sai a Detroit ya zauna, 2004 ya ci kofi kuma shi aka baiwa gwarzon wasan karshe. Steve Nash an daukeshi 1996 yana dumama benci a Phoenix, bai zama MVP, wato gwarzon dan wasan kaka, ba sai 2005, ya sake a 2006. Kyle Lowry kuwa tun 2006 yake gasar amma sai 2015 ya fara shiga All-Star, wato wasan zababbun taurarin gasar, kuma shi ya rike akalar Toronto da suka dau kofi a 2019, karkashin shugaban kulob din a lokacin, namu Masai Ujiri, wanda a garin nan ya tashi ya koyi kwallon a hannun Koci Oliver Johnson. Wadannan fa masu kudi da likitoci da koci goma ne suka jira shekara bakwai zuwa tara, mu da ko ragar kwando sai anyi karo karo muke so yaro dan SS2 ya nuna a hutu daya.

Ba wai ina kushe mai gudun bane, yaro ne mai baiwa, amma shima zugar da ake masa cutarsa take, yanzu ko fasin baya son yi tunda ba'a tafa wa fasin.

Rokona ga kocinan unguwa, ku rika saka su biyun tare, ku bar wanda yayi kuskure ya karasa kwatarsa, wato zangon wasan da ake ciki, maimakon cire shi nan take. Shi kuma yaron tun Asabar din bai dawo fili ba, gobe in Allah ya kaimu zan bi ta gidansu in roki babansa ya turo mana shi.

Naku,
Wani tsohon dan kwallon kwando, Samaru, Zariya