Babana, maganar furojet ɗin nan

Assalamu alaikum Babana. Ya karatu, ya zafin Samaru? Ina ta kiran wayarka ba ka ɗauka, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, dama maganar ba wadda zan yi a gaban Babanku ba ce, ka san shi da hawan jininsa.

Labari ya iso ni, kuma kar ka tsaya binciken wa ya faɗa, ba Aisha ba ce balle ka je ka huce a kanta. An ce an gan ka a ɗaya daga shagunan kwamfutar nan na bakin get kana ciniki da wani mai rubuta wa ɗalibai furojet, wato aikin binciken kammala digiri, a biya shi, tun daga babi na ɗaya har na biyar, har silaid ɗin da ake haskawa ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, shi zai haɗa, kai naka kawai ka sa suna da lambar rajista. Da na ji na ce ƙarya ake maka. Sai kuma na tuna kuɗin da ka ce in turo maka wai na kayan furojet, da na tambaye ka wane kaya ne ka hau yi min kame-kame. To abin da ya hana ni turowa ke nan, ba rowa ba ce, kai shaida ne ko lokacin maganar filin Dakace ban bari kuɗin makarantarka ya yi latti ba.

Na san abin da ke cin ka. GP ɗinka, wato matsakaicin makinka na jami'a, na nan 3.4 da 'yan kai, kana hangen 3.50 don ka fita da 2:1, digiri mai daraja ta biyu ta sama, kuma furojet yunit shida ne a sashenku alhali sauran kwasa-kwasan biyu ne ko uku. Ni ma na iya lissafin ai. Sakamakon A maki biyar ne, sau yunit shida talatin, C kuwa uku ne, sha takwas ke nan, wannan ratar ta sha biyu ita ce za ta iya tsallakar da kai ko ta bar ka a 2:2. Ban ce burin laifi ba ne, ni kaina ina so ka samu, bayan wata takwas ɗin da ka yi zaune a gida a yajin aikin 2022 wa zai so ka fito da sakamakon da za ka riƙa ɓoyewa? Amma hanyar da ka ɗauko ba ta kaiwa can.

Ka ce min sufabaizanka ya tsane ka don ya dawo maka da babi na biyu duk jan biro. Babana malamin da ya tsane ka ba ya ɓata daren sa a kan takardarka, sa hannu zai yi ya bar ka ka je ka haɗu da su a difens. Ni da na yi shekaru ina makin takardun yara, har na WAEC na yi, wallahi takardar da na fi zubawa jan biro ita ce ta yaron da nake ganin zai iya. Kuma makin nan ba da ka ake bayarwa ba, akwai abin da ake dubawa. Wanda ya kwaso abin da ke cikin handawut da littafi ya jera, babu kuskure amma babu komai nasa, hamsin da wani abu zai samu, C ke nan. Wanda ya tsara aikinsa, ya faɗi matsalar da yake bincike a kai a fili, ya kawo hujja, kowace magana ya nuna inda ya samo ta, yana hawa sittin. Saba'in zuwa sama kuwa sai malami ya ji muryarka a ciki, ya ga ka ce wane ya faɗi kaza, wane ya saɓa masa, ni ga abin da na gano da na fita na tambayi mutane ga kuma dalilina. Wannan ɗin ne ba a sayarwa a shago, don mai shagon bai taka ƙafarsa ya je ko'ina ba, tsohon furojet ɗin wani zai buɗe ya canza sunan gari da shekara ya miƙo maka, kuma kar ka ɗauka kai kaɗai ya sayar wa.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar difens. Ina kwance ina ganin ka tsaye gaban malamai, ga na sashenku ga baƙon da ake gayyatowa daga wata jami'a, furojekta na haska bango, wani ya ɗaga kai ya ce me ya sa ka zaɓi wannan adadin mutanen da ka raba wa takardar tambayoyi, ko ya ce wannan marubucin da ka ambata a shafi kaza me ya ce takamaimai, kai kuma ka tsaya kana haɗiyar yawu don ba ka taɓa ganin littafin ba. Mutanen nan aikinsu ke nan shekara da shekaru, tambaya biyu ta ishe su su gane ba kai ka rubuta ba, kayan aro ba ya rufe katara. Ga kuma Turnitin da ake saka rubutu a ciki ya fito da duk inda ya yi daidai da na wani, har kashi nawa cikin ɗari. Ko ChatGPT ɗin da kuke taƙama da shi yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, malami ya nema ya rasa, shi ke nan ka shiga uku. Daga nan ba maganar C ko D ake ba, maganar kwamitin ladabtarwa ce, ƙaramin abin a soke aikin ka ƙara shekara abokanka na bautar ƙasa kana nan, babban kuwa ba na ma son in rubuta shi. Kana aji huɗu Babana, aji huɗu! Ka manta yadda gidan Kawunku ya zama a shekarar nan? Ka manta har yau Inna ba ta zuwa biki a unguwar? So kake in bi Ƙofar Doka ana nuna ni ana cewa ga Malama can da ta ƙare rayuwarta tana kama yaran mutane da satar amsa?

Kuma a ce ma ba a kama ka ba, ka ɗauki takardar ka samu aiki da ita, albashin da za ka ci ka ciyar da 'ya'yanka da wane suna za ka kira shi? Ni dai ba zan ci ba, kar ka kawo min ko buhun shinkafa daga ciki. Haba Babana, sunan wa ka ci? Mutumin da ko allon wani bai yarda almajirinsa ya leƙa ba. Wayon naka duk a nan ya ƙare, kana da laburaren Kashim Ibrahim a gabanka, mutane na tahowa daga wasu jihohi don su shiga, kai kana wuce shi kana tafiya shago.

To, na faɗi abin da ke raina, Allah ya huci zuciyata. Na san kai ba daƙiƙi ba ne, tsoro ne ya kama ka da ka ga lokaci na ƙurewa, kuma akwai sauran lokaci. In ka riga ka ba mutumin nan kafin alƙalami ka bar masa, kar ka karɓi ko shafi ɗaya. Ka ɗauki babi na biyun nan ka bi gyaran malaminka ɗaya bayan ɗaya, inda ba ka gane ba ka je ofishinsa ka gaishe shi da ladabi ka tambaya. Duk maganar da ba taka ba ka sa sunan mai ita da shekara, a ƙarshe ka jero su yadda tsarin APA na ambaton littattafai ya ce in shi sashenku ke bi, maki da yawa a nan yara ke zubar da shi a banza, da kuma manufofin da aka lissafa a babi na ɗaya amma a je na biyar ba a amsa su ba.

Silaid kuma kar ka mai da shi littafi. Na sha zama a bita ana haska mana PowerPoint cike da ƙananan rubutu mai magana ya juya mana ƙeya yana karantawa, rabin ɗakin na gyangyaɗi. Mintuna kaɗan za su ba ka, goma ko sha biyar, ka sa layi kaɗan da manyan haruffa yadda na baya zai gani, jadawalin sakamakonka ya fito sarai, ka bar wannan rubutun mai tsalle-tsalle da kaloli, ka fuskanci mutane ka yi bayani da bakinka. Kar ka cinye lokacin a gabatarwa, abin da ka gano suke jira. In an yi tambayar da ba ka sani ba ka ce ba ka duba wannan ɓangaren ba za ka duba, ya fi maka ƙarya sau dubu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka hau mota ka zo gida da laftof ɗinka da babin da aka gyara maka. Za ka tsaya a falo ka yi min difens ɗin ni da Aisha da Hajara, ni zan yi tambayoyin kuma ba zan raga maka ba. Kuɗin firintin da bayindin da na motar zuwa raba takardun tambayoyi duk ni zan biya, hannu da hannu, in ka kawo min lissafi. Babanku bai san komai ba kuma ba zai ji daga bakina ba matuƙar ka zo. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani. In ka karanta ka kira ni, ko dare ne.

Mamanku