Ungozomomin karkara ma su shiga ƙungiyoyin nazarin lafiyar auratayya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya na karkara, a kan abin da yawancinmu ke jin nauyin ambata. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Jahun, ina kuma ƙaro karatu. Bana na yi rajistar ɗalibai da ƙungiyar masu binciken kimiyya kan jima'i ta Amurka, wadda ake kira SSSS. An kafa ta a 1957, tana fitar da mujallar bincike tun 1965. Da labarin ya bazu a wurin aiki, wata ta kama haɓa ta ce, "Haba Yaya, ke da 'ya'yanki sun isa aure?"

Sun isa ɗin, shi ya sa ma.

Duk ungozomar ƙauye ta san yadda abin yake. Mace za ta zo da uwar miji, ta ce ciwon mara ne ko sanyi. Sai an aiki tsohuwar ta karɓo kati, sannan ta ja mayafi ta rage murya ta faɗi gaskiya: tun da ta haihu kwanciya ta zame mata azaba, kuma ta cusa wani haɗin matsi da ta saya wurin dillaliya, ga shi ya ƙone ta. Maigidan kuwa ranar kasuwa yana gindin motar mai lasifika yana sayen maganin basir da ƙarfin maza, alhali sau da yawa ciwon suga ne ko hawan jini ke cinsa. Ga kuma matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta duniya, MSF, ke aiki tun 2008. Ana sallamar mace da umarnin ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za ta yi. To wa zai zaunar da mijin ya fahimtar da shi? Da wane lafazi? Wannan ma fagen bincike ne, kuma mu ne a bakinsa.

Ba na ɓoyewa, akwai abubuwa a taruka da rubuce-rubucen ƙungiyar da ba su dace da addininmu da tarbiyyarmu ba, kuma katin zama mamba bai ɗora mini amincewa da su ba. Abin da na je nema shi ne dabarar aiki: yadda ake tambaya ba a kunyata mutum ba, yadda ake ɓoye sunansa, yadda ake tantance magani da tatsuniya. Mafi yawan binciken da nake karantawa a kan mutanen Amurka da Turai aka yi shi, masu cika fom a intanet. Matar Gujungu ba ta haka take amsa tambaya ba.

Kunyar ma ba ta da tushe a karatunmu. Yarinyar da ta karanta Ahalari ta san hukuncin haila da janaba, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Matsalar ita ce kuɗin rajista da dala ake biya, ba kowa zai iya ba. Don haka ina roƙon malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Tarayya ta Dutse su kafa mana tamu ta gida. A sa malaman fiƙihu a ciki, a buɗe ƙofa ga ungozomomi da ma'aikatan shan-magani, ba masu digirin digirgir kaɗai ba. A biya kuɗin shiga da naira, a gabatar da takardu da Hausa, taron farko kuma a yi shi a Ringim ko Haɗejiya, inda za mu iya zuwa mu dawo a yini guda.

Wassalam.

Wata ungozoma,
daga ƙaramar hukumar Jahun, Jihar Jigawa.