Giwayen Yankari da manoman da ke maƙwabtaka da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, ya zama gandun dajin ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jiha a 2006.

Yawancin masu ziyara ba sa wuce Wikki, inda ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana hango yashin da ke ƙasansa. Amma wanda ya gangara kwarin kogin Gaji da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin ruwa, shi ne ya ga Yankari: ɓauna da gwanki da kanki suna kiwo, dorina na nutso, ga kuma garken giwaye, ɗaya daga cikin kaɗan da suka rage a Nijeriya.

Giwayen nan su ne dalilin wasiƙata. Faɗin dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba shi da shinge, giwa kuwa ba ta san iyaka ba. Idan amfanin gona ya nuna, garke kan fita ya tattake dawa da masarar da magidanci ya yi wa wahala tun farkon damina, a dare ɗaya. Mutumin da ya wayi gari ya tarar da gonarsa haka, babu wanda ya zo ya duba ɓarnar balle a biya shi diyya, da wane baki za a ce masa ya tona asirin mafarauci mai neman hauren giwa?

Ina kira ga gwamnatin jiha da ta ware kuɗin diyya da za a riƙa biya kafin kaka ta wuce, ta kuma ƙara ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da dajin aikin gadin daji, tun da su suka san hanyoyin da garke ke bi. A ƙasar Kenya manoma na jera amya a gefen gona, domin giwa na tsoron ƙudan zuma, ga zuma kuma ta sayarwa. Mutanen Bauchi ba baƙin amya ba ne, abin da ya rage a tallafa musu su gwada.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Alkaleri, Jihar Bauchi