Godiya ta musamman ga ofishin da ya horar da mu kan binciken damuwa bayan ambaliya

Assalamu alaikum Dakta, da duk malamanmu da ma'aikatan ofis har direbobi. Na so in tashi in yi maganar nan ranar rufe taro amma kunya ta hana ni, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili kowa ya gani, don gaskiya aikin da kuka yi mana a Bauchi ya cancanci a faɗa.

Mu nan yankin Katagum ambaliya ba baƙuwarmu ba ce, Zaki, Gamawa, Jama'are, duk damina mai ƙarfi sai an ji labari, a 2024 har titin Kano zuwa Maiduguri ruwa ya yanke, a Satumban shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle Maiduguri ta nutse. A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan. Idan abu ya faru za a zo a ƙirga gidaje da gonaki, a raba shinkafa da tabarmi da gidan sauro, Allah ya saka wa masu yi, amma ba wanda ke tambayar mutum yaya yake kwana. Ku ne kuka ce wannan ma ana ƙirga shi, kuma akwai yadda ake yi.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne ba kwamfutar hannu kawai kuka damƙa mana kuka ce mu tafi ba. Kun zaunar da mu kan tambayoyi 20 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake gano alamun damuwa da su, masu amsar e ko a'a, ciwon kai, rashin cin abinci, rashin barci, saurin firgita, rawar hannu, yawan kuka, duk cikin kwana 30 da suka wuce, muka yi ta gwadawa a junanmu, wata ta zama mai tambaya wata ta zama uwar da ɗakinta ya rufta, Malama tana gefe tana cewa a'a kin yi sauri, bari ta gama shirunta tukuna. Kuka ce mana, ku cire takalmi ku zauna a tabarma, mace ta tambayi mace, a kori 'yan kallo, ba a rubuta suna sai lamba. Kuma tun daga sallama a faɗa ƙarara cewa wannan ba rajistar tallafi ba ce, don duk wanda ya ga baƙo da takarda zai ɗauka buhu na tafe, in ba ka faɗa ba ka yaudare shi kuma amsoshin ma sun lalace. Wanda ya ce ba ya so a yi masa godiya a wuce.

Da muka fita gwaji na zauna da wata baba, na tambaye ta barci sai ta yi dariya ta ce 'yar nan da rani lafiya lau, amma da hadari ya haɗu sai ta tusa kayanta a buhu ta zauna a kai har asuba tana kasa kunne, jikanta kuma da ya daina fitsarin kwance tuni ya dawo yi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba don kar a ce ba ta da tawakkali. Da can da na ce mata Baba ki yi haƙuri in wuce, yanzu na san in saurara, in rubuta, in haɗa ta da ma'aikacin asibitin da kuka ba mu lambarsa. Kun kuma ja kunnenmu sosai, duk wanda ya ce yana tunanin halaka kansa a ajiye tambayoyi nan take a kira mai duba aikinmu, kar a bar shi shi kaɗai.

Sai da kuka yi bayani na gane dalilin zuwa ƙauyukan da ruwa bai taɓa ba, ashe sai an kwatanta ake sanin me ambaliyar ta ƙara, tunda talauci ma kansa yana hana barci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, to amma gwamnati da me za ta tsara aiki in ba alƙaluma daga wajenmu?

Mun gode da zaman da kuke yi da mu kullum da yamma mu ma mu sauke abin da muka kwaso a zuciya, da kuɗin mota da ba a taɓa ja mana rai a kai ba (wanda ya yi irin aikin nan ya san abin da nake nufi).

Roƙona ɗaya Dakta, in sakamako ya fito a dawo da shi garuruwan nan da Hausa, a tara masu unguwanni da limamai da mata a karanta musu, sun tambaye ni kuma na ce zan isar. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Ɗalibarku, daga Azare