Godiya ga masu shagon gyaran kwamfuta na kusa da babbar kasuwar Maraɗi

Assalamu alaikum.

Ni mai buga takardu ce a unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma rabin cinikina daga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yake zuwa. Na yi muku godiya a shago, amma na ga ba ta isa ba, shi ya sa na rubuto inda jama'a za su gani.

Makonni biyu da suka wuce kwamfutata ta ɓullo da wani hali. Ina cikin rubutu sai ɗan layin nan mai ƙyaftawa ya ɓace, saman tagar ya kwaɗe, haruffa su daina shiga. Mu masu wannan sana'a takarda muke kallo, hannu na tafiya shi kaɗai, don haka sai na buga layi biyu ko uku kafin in ɗaga kai in tarar babu ko ɗaya. Sai na danna linzami a cikin tagar ta dawo, jim kaɗan ta sake. A Word haka, a Notepad++ haka. Na sayi sabon kilabiye, kuɗina ne kawai suka tafi. Wurare biyu na kai ta, duka maganarsu ɗaya: birus ne, a goge komai a sake zubawa. Alhali aikin mutum goma sha ɗaya na ciki, ga tsarin haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da na sha wuya kafin ya zauna.

Ku kuwa, Malam, kafin ka taɓa ta sai da ka tambaye ni: "Hajiya, ranar da ta fara, me kika sa mata sabo?" Nan na tuna ɗan shirin da ke zuwa tare da firinta ya nemi a sabunta shi, na yarda ban ko karanta ba.

Ka zaunar da yaronka da agogon waya yana ƙirga tsakanin ɓacewa da ɓacewa, aka ga kusan lokaci ɗaya ne kullum. Ka ce abin da ke zuwa a kan ƙa'ida haka ba lalacewar wayar kilabiye ba ce, wani shiri ne ke tashi. Bayaninka bai fita raina ba: Windows taga ɗaya take ba kilabiye a lokaci guda, kamar bokiti ɗaya a bakin famfo, in wani ya turo nasa, naka ya kauce ko da ruwa na zuba. Kun danna Ctrl, Shift da Esc, jerin shirye-shiryen da ke aiki ya fito, muka zuba ido, sai ga wani suna yana fitowa yana ɓacewa. Kun buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuran da suka faru, ga kuskure mai lamba 1000 jere reras, duk na shirin firintar nan. Ashe tun da aka sabunta shi yake faɗuwa ya sake tashi, kuma duk tashinsa sai ya fizge kilabiyen daga hannuna.

Ban manta ba kuran ya ɗauke ana tsakar aiki, kuka tada janareto ba ku ce in dawo gobe ba.

Duk da haka ba ku yi gaggawar yanke hukunci ba. Da msconfig, wurin zaɓen abin da zai tashi tare da Windows, kuka ɓoye ayyukan Microsoft, kuka kashe sauran, kuka sake kunna kwamfutar, na buga shafi guda cur lafiya lau. Sannan kuka riƙa maido su rabi-rabi har matsalar ta dawo a kan wanda ake zargi. Shi kaɗai kuka cire, kuka bar direban firinta, wato shirin da ke haɗa ta da kwamfuta, kuma tana buga takarda kamar da. Fayil ko ɗaya bai ɓata ba.

Jika biyu kuka karɓa, wallahi har kunya ta kama ni. Yaron naka kuma ya rubuta mini matakan a bayan rasit, na manna shi a bango kusa da tebur.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a, ya ba yaron nan nasa shagon. Ɗalibar da ta fi damuna da waya ta karɓi aikinta ranar Asabar, shafi 84, ta kai wa malaminta a kan lokaci.

Wassalam,
Mai buga takardu daga Ali Ɗan Sofo, Maraɗi