Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Gyaran Kwamfuta da ke Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum. Alhaji mai shago, na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne saboda na iso wurinku bayan na gama fid da rai.

Sana'ata tace bidiyon bukukuwa, kuma kwamfutata irin ƙananan nan ce na ofis da ake kawowa gwanjo. Da aiki ya fi ƙarfinta, na tara kuɗi na sayi katin hoto RTX 3060, wato na'urar da ake sakawa cikin kwamfuta don ta ƙara mata ƙarfin sarrafa hoto da bidiyo, a wani shago, inda mai sayarwa ya rantse mini cewa babu kwamfutar da ba zai hau ba. Na dawo gida na saka shi, na tarar akwatin kwamfutar ma ba ya rufuwa, balle a kai ga kunnawa. Da na koma, sai aka nuna mini rasit cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Wani mai gyara kuma ya ce zai jono wa katin wuta daga wayar SATA, wadda aka yi don ba faifan ajiyar bayanai wuta, Allah Ya sa ban yarda ba.

Matashin da ya karɓe ni a shagonku bai yi mini maganar kuɗi ba sai da ya buɗe kwamfutar, ya auna akwatin, ya karanta takardar da ke jikin na'urar raba wuta. Ya nuna mini cewa ƙarfinta wat 240 ne kuma ba ta da filogi mai baki 8 da katin yake buƙata, alhali katin shi kaɗai yana jan wat 170, kamfanin Nvidia mai ƙirƙirar katin kuma ya ba da shawarar na'ura mai wat 550, ramin PCIe kuwa, inda ake soka katin, wat 75 kawai yake bayarwa. Ya ƙara da cewa filogin madabod ɗina, wato babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta, na musamman ne, saboda haka sabuwar na'urar wutar da nake shirin saya a wurinku ba za ta shiga ba. Wato da bakinsa ya hana kansa ciniki.

A ƙarshe kun karɓi katina, kun ba ni RTX 3050 gajere mai giga 6 wanda wutar ramin ta ishe shi, kun cika mini kuɗi.

Abin takaici shi ne tambayoyin da matashin ya yi ba su wuce minti 10 ba, amma a shaguna da yawa babu mai tambayar wace irin kwamfuta gare ka kafin a miƙo maka kwali. Alhaji, ka riƙe wannan yaro da kyau. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci kasuwa.